ZAUREN KWAMFUTA: Sabon Zubi Da Faifan Ɗori, Zai Yiwu Kuwa?

 

Tambayar wannan wata ta fito ne daga unguwar Vittin da ke cikin Tamale, daga wurin wani malami mai kula da wata ƙaramar makaranta. Ya ce wani ɗan'uwa da ke Turai ya aiko musu da tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema, kuma a cikin kwalin an haɗo da faifan Windows 7 guda ɗaya. Da aka kai wa mai gyara, sai ya ce wannan faifai ba ya aikin kansa, na ɗorawa ne a kan tsohon Windows kawai, saboda haka a ba shi kuɗi ya zuba musu nasa. Malam yana son ya san ko gaskiya ne, kuma ko akwai hanyar share komai a fara daga tushe da faifan da ke hannu. To, Malam, Allah ya ƙara sani. Amsar a taƙaice ita ce zai yiwu, amma akwai sharaɗi, akwai kuma ramuka a hanya. Tun da yake na san ba kai kaɗai ke da wannan matsala ba, bari mu bi maganar daki-daki.

Menene bambancin faifan nan biyu?

Windows ita ce uwar manhaja, watau wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, sauran manhajoji kuwa a kanta suke zaune. A da, shekara da shekaru kamfanin Microsoft na Amurka ya yi ta sayar da ita iri biyu a kanti. Akwai cikakken faifai, na wanda bai taɓa mallakar Windows ba. Akwai kuma wanda za mu kira faifan ɗori, wanda aka rubuta kalmar "Upgrade" a jikin kwalinsa, na wanda ya riga ya sayi tsohon Windows yana son sabo. Abin da ke cikin faifan nan biyu kusan duk ɗaya ne. Bambancin yana wajen farashi da izini. Alal misali, lokacin da Windows 7 ya fito ranar 22 ga Oktoba, 2009, ana sayar da cikakken Home Premium a Amurka dala 200 ba kaɗan, na ɗori kuwa dala 120 ba kaɗan. Ragin da aka yi, an yi shi ne domin tsohon ciniki.

Zubawa ma iri biyu ce. Akwai ɗora sabo a kan tsoho, inda takardunka da manhajojinka za su zauna yadda suke. Akwai kuma sabon zubi, inda za a share wurin tas a fara daga tushe. Duk wanda ya taɓa gyaran ɗakin ƙasa bayan damina ya san bambancin. Idan bango lafiyayye ne, yaɓe ya isa. Idan kuwa gara ta ci shi ta ciki, to yaɓe ɓoye ciwo ne kawai, sai a rushe a sake ɗora tubali. Kwamfutar da ta yi shekaru a wani ofishi a Ingila ko Jamus, ba ka san abin da ke cikinta ba: ko ƙwayar cuta, ko manhajojin ofishin da ba su da amfani gare ka, ko kalmar sirrin da ba wanda ya sani, ko ma harshen da ba ka ji. Irin wannan sabon zubi ya fi dacewa da ita.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta baka kawai. A shekarar 2009 wasu ɗaliban aikin jarida na Jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada sun sayi tsohon rumbun ajiyar kwamfuta a wata kasuwa a nan Ghana a kan dala 40, da suka buɗe sai ga takardun kwangilar gwamnatin Amurka na kamfanin Northrop Grumman a ciki. Idan babban kamfani irin wannan kayansa sun iya biyo tsohuwar na'ura har zuwa nan, to ina ga na talaka?

Yadda faifan ke gane tsohon ciniki

Hanyar da faifan ɗori ke bi ya tabbatar kana da tsohon Windows ta sha canzawa, kuma daga nan ne ruɗanin masu gyara ya samo asali. A zamanin Windows 95, wanda ya fito a watan Agusta na 1995, watau shekarar da Ghana ta sami cikakkiyar hanyar intanet ta hannun kamfanin Network Computer Systems na Dokta Nii Quaynor, abin mai sauƙi ne. Idan faifan ya duba bai ga tsohon Windows a cikin na'ura ba, sai ya ce ka saka masa faifan tsohon ya gani. Da ya gani, sai ya ci gaba. Haka aka yi a Windows 98 na 1998, haka kuma a Windows XP na 2001. Kana iya kawo rumbu fanko, ka nuna tsohon faifai, aiki ya tafi.

Da Windows Vista ya fito a farkon 2007 sai aka daina neman tsohon faifai. Aka ce lambar faifan ɗori ba za ta yi aiki ba sai an fara zubin daga cikin tsohon Windows da ke kunne. Nan da nan masana suka gano wata dabara: a zuba Vista ɗin ba tare da an shigar da lamba ba, sa'an nan a sake ɗora shi a kan kansa, a karo na biyu a shigar da lambar. Faifan sai ya ɗauki zubin farko a matsayin tsohon Windows.

A Windows 7 an ɗan sassauta. Kana iya tayar da kwamfuta daga faifan kai tsaye. Tun a farkon aiki faifan zai leƙa rumbu, in ya ga tsohon Windows sai ya riƙe wannan a ransa, ko da daga baya ka share. Wannan shi ne sirrin duka: a share rumbu daga cikin shirin zubin, bayan faifan ya riga ya ga tsohon. Wanda ya yi gaggawar sharewa da wata manhaja tun kafin ya saka faifai, ko ya sa sabon rumbu fil, shi ne lamba ke ƙi masa daga baya.

Sharaɗin da ba ya cikin na'ura

Kafin a taɓa komai, Malam, ka duba jikin kowace kwamfuta. Yawancin na ofis suna da wata 'yar takarda mai sheƙi manne a gefe ko a ƙasa, ɗauke da sunan Windows ɗin da aka sayar da ita da shi da kuma lambobi. Idan an rubuta XP ko Vista, to wannan na'ura ta cancanci faifan ɗori na Windows 7. Idan kuwa an rubuta Windows 7 ne, ka yi sa'a, domin wannan na'ura tana da nata izini, lambar jikinta ta ishe ta, muddin an zuba irin wanda aka rubuta, Home Premium ko Professional. Na'urar da ba ta da izinin komai, dabara tana iya sa faifan ya shiga, amma dabara ba ta mayar da shi halalinka.

Sharaɗi na biyu: lamba ɗaya, kwamfuta ɗaya. Lambar nan haruffa ne da alƙaluma 25, kashi biyar, kowane kashi biyar-biyar. In ba kwalin da aka rubuta wa "Family Pack" ba ne, wanda aka yi domin kwamfuta 3 na gida ɗaya, to faifan da aka aiko maka na na'ura guda ne tak. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005, mai lamba 690, ta haɗa da manhajojin kwamfuta cikin abubuwan da take karewa. Ban da maganar doka, faifan da mai gyara ke yawo da shi a aljihu yana zuba wa kowa, galibi an yi masa kutse ne domin ya daina neman lamba, kuma ba ka san abin da mai kutsen ya cusa a ciki ba. Araha ba ta ado.

Shiri kafin aiki

Na farko, kwashe kaya. Duk abin da kake so, rajistar ɗalibai, sakamakon jarrabawa, lissafin bashi, hotunan biki da na suna, a kwafe su a filashi, wanda muka fi sani da pendiraif, ko a wani rumbu na waje. Bayan an kwafe, a kai wata kwamfuta a buɗe a gani da ido cewa suna nan. Da yawa sun yi kuka domin sun kwafi 'yar alamar da ke fuskar allo kawai, suna zaton takardar ce. Idan da hali a yi kwafi biyu. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, a tanadi direbobi. Waɗannan ƙananan manhajoji ne da ke sa Windows ya iya magana da sassan na'ura, kamar sauti da allo da firinta da hanyar intanet. A duba sunan kamfani da lambar samfurin kwamfutar, a sauko da direbobinta daga shafin kamfanin tun kafin a share. Mafi muhimmanci shi ne na hanyar intanet, domin in babu shi, ba ta inda za a sauko da sauran. Haka kuma a tanadi faifai da lambobin sauran manhajoji, irin su Microsoft Office, domin sabon zubi zai tafi da su duka.

Na uku, a auna ƙarfin na'ura. Windows 7 na son ƙwaƙwalwar aiki gigabayit 1 da fili gigabayit 16 idan mai lamba 32 ne, mai lamba 64 kuwa gigabayit 2 da fili gigabayit 20. A kwalin kanti akan sami faifai biyu, na 32 da na 64, lamba ɗaya ce ke buɗe kowanne. A sani kuma, daga XP zuwa Windows 7 babu hanyar ɗorawa kai tsaye, haka daga 32 zuwa 64. Dole sai sabon zubi. Watau shi kansa kamfanin ya san za a yi sabon zubi da faifan ɗori, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna maganar mai gyaran nan ba ta cika ba.

Na huɗu, wuta da ƙura. Duk wanda ya ga zamanin dumsor, musamman a 2015, ba sai an gaya masa ba. A duba mitar NEDCo a tabbatar akwai kuɗi a ciki, kada a fara aiki hadari na haɗowa, in akwai batirin ajiyar wuta a jona shi. Aikin yakan ci daga rabin awa zuwa awa guda ko fiye. A lokacin hunturu kuwa ƙura kan rufe idon da ke karanta faifai, sai aiki ya tsaya a tsakiya. A goge faifan da ƙyalle mai taushi, daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba.

Aikin kansa

A saka faifai, a kashe na'ura a sake kunnawa, a riƙa danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A yawancin Dell da Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9. A zaɓi faifai, in ta ce a danna kowane maɓalli a danna. Bayan zaɓen harshe da amincewa da sharuɗɗa, za a ga zaɓi biyu, "Upgrade" da "Custom". A zaɓi "Custom".

Nan ne wurin da ake yin ɓarna, saboda haka a natsu. Allo zai nuna ɗakunan da aka raba rumbu, amma ba lalle ya nuna su da haruffan C da D da aka saba gani ba. Sai a gane su ta girmansu, don haka a rubuta girman kowanne a takarda tun kafin a fara. A zaɓi ɗakin da tsohon Windows yake, a danna "Drive options", sa'an nan "Format". Wannan zai share ɗakin nan kaɗai. Ɗakin da aka ajiye kaya kada a taɓa shi. Wanda kuma bai danna "Format" ba, shirin zai tattara tsohon Windows da takardunsa ya zuba a wata jaka mai suna Windows.old, ana iya shiga a tsinci abin da aka manta. Wannan sauƙi ne, amma idan ana zargin ƙwayar cuta, sharewa ta fi.

Na'ura za ta kashe kanta ta tashi sau da yawa. A bar ta, kada a sake danna maɓalli in ta tambaya, in ba haka ba aikin zai koma farko. Idan aka zo wurin lamba, ana iya shigarwa nan take, ana kuma iya tsallakewa, domin Windows 7 na ba da kwana 30 kafin a tabbatar da shi. Shawarata ita ce a tsallake, a zuba direbobi, a ga komai na aiki, sa'an nan a shigar da lamba.

Idan lamba ta ƙi, aka ga saƙo mai alamar 0xC004F061, ma'anarsa faifan bai ga tsohon Windows ba. Ga wanda ke da izinin XP ko Vista na gaskiya, misali wanda tsohon rumbunsa ya mutu ya sa sabo, dabarar zamanin Vista tana aiki a nan ma. A bar sabon Windows a kunne, a saka faifai, a wannan karo a zaɓi "Upgrade", in ya gama a shigar da lamba. Akwai wata gajeriyar hanya ta canza wata lamba a cikin rajistar Windows, amma wannan wuri ne da kuskure kaɗan ke hana na'ura tashi, don haka wanda bai ƙware ba ya bi doguwar hanya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Wani abu da ya shafe mu musamman: tun daga Windows 7 akwai tsarin maɓallan Hausa a ciki, wanda ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ, akwai kuma na Larabci. Ba sai an saya ba. A shiga wurin saitin harshe a ƙara su, domin yaranmu da ke tasowa cikin Dagbanci da Turanci su saba rubuta Hausa daidai, malaman makaranta kuma su sami damar buga darasi da Larabci.

Gaskiyar da ya kamata a sani

Duk abin da na zayyana zai sa Windows 7 ya tashi tsaf, amma tsoho ne. Kamfanin ya daina yi masa gyaran tsaro ranar 14 ga Janairu, 2020, kamar yadda ya daina yi wa XP ranar 8 ga Afrilu, 2014. Manhajar shiga intanet ta Chrome ma ta daina sabunta kanta a kansa tun farkon 2023. Gida ne mai kyau amma ba mai gadi. Domin koya wa yara bugun rubutu da lissafi da zane, ba tare da intanet ba, ya wadatar ƙwarai. Amma kada a yi harkar banki ko ta kuɗin waya da shi, kada kuma a ajiye bayanan ɗalibai a kansa alhali yana jone da intanet. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Saboda wannan dalili ne ma bai kamata a bar na'ura cike da rajista a shagon gyara kwana da kwanaki ba. Kuma a tuna, sharewar gaggawa ba ta goge bayanai har abada, masani na iya tono su. In za a sayar da na'ura ko a ba da ita kyauta, sai an yi sharewa mai zurfi.

Wani zai ce, to ai sai a haye Windows 10 kyauta. Da can haka ne. Ya fito ranar 29 ga Yuli, 2015, aka ba masu Windows 7 da 8.1 shekara guda su hau kyauta, kuma ƙofar ta zauna a buɗe bayan wa'adin har zuwa Satumba na 2023 da aka rufe ta. Shi ma Windows 10 gyaran tsaronsa na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai wani shiri na ƙarin wa'adi da aka tsara wa na'urorin gida zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Windows 11 na 2021 kuwa yana neman ƙwaƙwalwa gigabayit 4, da fili gigabayit 64, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma injin da bai tsufa ba. Na'urar zamanin XP da Vista ba za ta kai ba.

Ga masu sababbin na'urori, zancen faifan ɗori ya zama tarihi. Tun daga Windows 8 na 2012 manyan kamfanoni suke binne lambar a cikin na'urar kanta. Wadda kuma ta taɓa hawa Windows 10 ko 11 aka tabbatar da ita, izininta na rubuce a wurin kamfanin. Sai a sami filashi mai gigabayit 8, a sauko da Windows daga shafin Microsoft kyauta, a zuba, a tsallake wurin lamba, a zaɓi irin wanda ke kai a da, Home ko Pro. Da ta shiga intanet za ta tabbatar da kanta.

Sauran kwamfutocin makarantar da ba su da izini fa? Akwai Linux, wanda kyauta ne kuma halal a zuba wa na'ura ko nawa ne. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, da Linux Mint, suna zuwa da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Akwai ire-irensu marasa nauyi da aka yi domin tsofaffin na'urori, kuma ana ci gaba da yi musu gyaran tsaro. Sai dai a lura, littattafan darasin kwamfuta na makarantunmu sun fi kawo misali da Windows da Word, don haka ya kyautu a bar ko da na'ura ɗaya da Windows domin yara su ga abin da suke karantawa.

Daga ƙarshe, duk wanda zai kai na'ura wurin mai gyara, ya yi masa tambaya uku: wane Windows za ka zuba, da wace lamba, kuma ina za ka ajiye kayana kafin ka share? Mai gaskiya zai amsa ba tare da ɓacin rai ba, kuma muna da irinsu da yawa a Aboabo da sauran unguwanni. Faifai da lamba kuwa a karɓo su a adana a gida tare da takardun fili, domin dukiya ce.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake raba tsohuwar kwamfuta da ƙurar hunturu da zafin bazara. Mai tambaya ya aiko ta ofishin jarida kamar yadda aka saba.